Hedimasta Bai Taho Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar ɗaurin auren autana Nasiru ba, domin a ranar na gano cewa bakina yana da nasa hankali daban, kuma in tsoro ya zo ba ya tsayawa shawara da ni.

Ni tsohon hedimasta ne a Ƙaura Namoda. Tun da na ajiye alli na koma ɗan majalisa, a gindin wani dogon yaro kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Dukkanmu tsofaffi ne da aiki ya sallama. Mukan fara da ciwon gwiwa, mu gangaro kan tsadar taki, mu naɗa gwamna mu tuɓe shi kafin azahar, mu yi musu kan ko hadarin da ya haɗo daga gabas zai zuba ko iska zai zama. Wani ya kawo ƙarar matarsa, wai tun da ya yi ritaya ta mai da shi ɗan aike. Amma duk inda hira ta zaga, kan 'yan bindiga take faɗawa. An tare wane a hanyar Shinkafi, an kira 'ya'yan wane a waya, dangin wane na Kurya Madaro sun kwaso kaya sun dawo cikin gari. Daga nan sai dariya ta ɗauke, kowa ya koma kan carbinsa.

To, a wannan fannin ni ne malami. (Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a gaban allo ba ya iya ganin mutane zaune ya ƙyale su.) Nakan ce musu tafiya yanzu ilimi ce. Kada ka sa kayan kirki. Babbar waya ka bar ta gida, don a cikinta suke duba wa kake da shi. In an tambaye ka, kai ba kowa ba ne, ba ka kuma haifi kowa ba. Sannan in ɗaga yatsa in ce uwa uba natsuwa. Abokina Malam Bube, tsohon ma'aikacin jirgi, yakan gyaɗa kai ya ce Allah dai ya sa kada ranar jarrabawa ta zo.

Nasiru yana aikin asibiti a Zurmi, can ya ga wata yarinya 'yar Gurbin Bore. Ƙanena ne ya yi duk zirga-zirgar neman auren kamar yadda aka saba, don haka surukan ba su taɓa ganin fuskata ba, Hedimasta kawai suke jin ana cewa. Shi da ango suka riga ni tafiya, ni da Malam Bube aka ce mu taho da safiyar ranar. Damina ta yi nisa, dawa ta fi mutum tsawo, kuma kowa ya san lokacin ne hanya ta fi muni, don mutum zai tsaya gab da titi ba ka gan shi ba.

Da safe na yi aiki da darasina. Babbar rigata ta shadda da hular zanna na naɗe su cikin leda, na tura ƙasan buhu, na cika samansa da albasa. Na zura tsohuwar rigar da nake zuwa gona da ita, mai yage a hammata, da silifas ɗin da aka kafe da ƙusa. Waya na kashe ta na ba matata Hajiya ta jefa cikin kwalla. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce in da a hanya ta gamu da ni, ko gaisuwata ba za ta amsa ba. Na ce ai abin da ake nema ke nan. Ta yi mini addu'a muryarta na rawa, ni kuma na yi kamar ban ji rawar ba, don tawa zuciyar ma ba zaune take ba.

A motar haya ba mai magana. Direba ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya, sannan ya taka. Ka ga mutum yana kallon gona amma ba amfani yake dubawa ba. Ko kara ya motsa sai wuya ya miƙe. Muka wuce Zurmi lafiya, muka kama hanyar Gurbin Bore, har na fara raɗa wa Malam Bube cewa ai ka gani, tsari shi ne komai.

Ban rufe baki ba direba ya ce innalillahi. A gindin wata tsamiya ga babura a jere, ga mutane da bindigogi rataye, fuskoki naɗe da rawani sai idanu. Ɗayansu ya shigo tsakiyar hanya ya ɗaga hannu.

Ban san yadda zan kwatanta maka ba, mai karatu, in ba ka taɓa gani ba, kuma Allah kada ya nuna maka. Na tuna maganin hawan jinina yana aljihun babbar riga, ƙarƙashin albasa. Na tuna waɗanda suka dawo daga daji, yadda ƙafafunsu ke kumbura, da waɗanda ba su dawo ba. Na nemi addu'a a kaina, duk addu'o'in da na koyar da 'ya'yan mutane, ba wadda ta zo mini sai ta shiga banɗaki.

Babbansu, wani dogo mai furfura a gira, ya leƙo ta taga ya ƙare mana kallo.

"Wane na Hedimasta cikinku? Na Ƙaura."

Nan na sallama. Ashe ba tarar sa'a ba ce, da sunana suka zo. Wani ya sai da ni. A ɗan wannan lokacin sai da na zargi duk 'yan majalisarmu ɗaya bayan ɗaya, har mai shayin da ke kawo mana ruwan zafi. Na ga an kira Nasiru ranar aurensa, na ga an sa gonata da gidana a kasuwa, na ga Hajiya a ɗakin haya. Motar ta yi tsit. Da na yi shiru ni ma, da wataƙila ban rubuta wannan ba. Sai na ji wata murya, siririya kamar ta ɗan akuya, tana fita daga bakina.

Na ce Hedimasta ai na san shi, maƙwabcina ne, kuma bai taho ba. Mutumin ya ce ya aka yi bai taho ba. Na ce ai ba shi da kuɗin mota. Da na ga ya tsaya yana saurare, sai na ƙara wuta. Na ce kada sunan ya ruɗe ku, ranka ya daɗe, wannan bawan Allah ko akuya ba ya da ita, gidansa rabi ya zube tun daminar bara, maƙwabta ke aika masa da tuwo. 'Ya'yansa kuwa ba mai waiwayarsa. (Malam Bube yana gefena yana ta mintsinina. Na ɗauka cewa yake ci gaba, kana kan hanya.)

Sai mutumin ya ce, "To ɗan nasa fa, mai aikin asibiti a Zurmi?"

Wayyo, har Nasiru sun sani. A raina na ce ko ni za a tafi da ni, wannan yaron sai na fitar da shi daga lissafinsu. Na ce wannan ai shi ya fi lalacewa. Ko ubansa na shure-shuren mutuwa ba ya ɗaga waya. Aikin ma an ce korarsa za a yi. Mutumin ya ƙura mini ido, kallon nan ya ƙara firgita ni, sai na ɗora da abin da har gobe in na tuna nake jin zufa: na ce an ma ce yana shaye-shaye.

Mutumin ya ja da baya. Ya sauke rawanin daga bakinsa a hankali, ya ce subhanallahi. Ya juya ya kira wani cikin mutanensa.

"Hau babur ka gaya ma Yaya kada a ɗaura sai mun iso. Wanga gida munka kusa ba ɗiyarmu?"

Babur ya tashi. Ni dai ina zaune, maganar tana shiga kunnena amma ta ƙi isa kaina. Sai ya sake leƙowa, ya ce Allah ya saka mini da alheri, baba, da na faɗi gaskiya. Ya ce sunansa Mani, ƙanen uban amarya ne, su 'yan sa-kai ne masu gadin garinsu. An aiko su ne su tari uban ango su raka shi, don hanyar ba ta da kyau kwanan nan. Ango ya yi ta kiran wayar uban nasa tun safe ya gaya masa, tana kashe.

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni a ranar su biyun suka tare ni a wuri ɗaya. Kuma wani sabon tsoron ya danne na farko, don ga babur can ya ɓace cikin dawa ɗauke da shaidar da na yi wa ɗana. Yaron da ko goro ba ya ci. Yaron da duk wata shi ke sayo mini magani.

Malam Bube ya ce da ni a hankali, in ban fita ba shi zai fitar da ni. Na buɗe ƙofa na fito, na ce, "Malam Mani, ni ne."

Ya ce ni ne wa. Na ce Hedimasta. Ya dubi silifas ɗina, ya dubi hammatata, ya dubi mutanensa. Wani cikinsu ya ce ko tsohon ba shi da lafiya ne. Dole na sa direba ya sauke buhu, na durƙusa bakin hanya ina tonon albasa, tana gangarawa cikin kwata, har na zaro ledar. Na zura babbar riga a kan ta gona, na kafa hula. Malam Bube ya rantse musu da girman Allah cewa ni ne, ya ƙara da cewa shi ma yau ya fara sanina.

Mani bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "To, Malam, wace magana za mu ɗauka, ta maƙwabci ko ta Hedimasta?"

Suka sa mu tsakiya, babura gaba da baya, rakiyar girma ga mutumin da ya gama zubar da girmansa. Ko da muka isa, labari ya riga mu. Jama'a cike a ƙofar gida, goro da alewa a ajiye ba wanda ya taɓa, dattawa sun shige zaure. Ƙanena ya fito idanunsa jawur yana tambaya wane maƙiyi ne wannan maƙwabcin, a nuna masa shi. Na ce masa ya rage murya, ga shi a gabansa.

A zauren nan, gaban liman da uban amarya, ina warin albasa, na miƙe na warware maganata ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyaran jarrabawa. Gida bai zube ba. Tuwo na gidana nake ci. Ba a kori Nasiru ba, ba a kuma yi niyya ba. Da na zo kan shaye-shaye sai na hango Nasiru a bakin ƙofa cikin fararen kayansa, kansa a sunkuye. Uban amarya ya ce magana zarar bunu ce, shi fa hankalinsa bai kwanta ba, don uba ba ya ƙaga wa ɗansa irin wannan haka kawai. Na ce a raina shi ke nan, na kashe auren nan da bakina.

Mani ne ya cece ni. Ya ce shi ya ga idon mutumin nan a mota, kuma ya san irin wannan idon, don ya sha ganinsa. Ya ce laifinsu ne da suka tare mota fuska a rufe suna kiran suna, a wannan zamani. Duk wanda bai taɓa ganin bakin bindiga ta taga ba, kada ya yanke wa wani hukunci. Liman ya sa aka kira mutanen garin da ke zuwa asibitin Zurmi, suka ba da shaidar yaron. Sai a sannan aka shafa fatiha, rana ta riga ta take tsaka. Dattawa sun daure ba su yi dariya ba sai da na juya baya.

Da za mu koma, Nasiru ya rako ni bakin mota, ya karɓi buhun ya sa a baya da kansa. Na buɗe baki in ba shi haƙuri, kalmomin suka ƙi fitowa, ni da ɗazu suke zubo mini kamar ruwan indararo. Shi ne ya yi magana, bai ko ɗago kai ba.

"Baba, da 'yan bindigar ne, ko mi ka ce musu, sai na zo nemanka."

Na shiga mota na juya fuskata wajen gonaki, don kada Malam Bube ya samu ƙarin abin ba da labari.

Abin da na koya dai shi ne, in tsoro ya sa za ka karya farashin kanka, to ka karya naka kai kaɗai, kada ka haɗa da na 'ya'ya, don ba ka san wa ke tayi ba. In kuma aka leƙo ta taga aka tambayi Hedimasta, ba laifi ba ne mutum ya fara cewa, "Lafiya?"