Yashin Teku A Kaskon Hajiya

Ba zan taɓa mantawa da tafiyata Lyon ba, ko da kuwa na so in manta, don abokan aikina sun ɗauki alkawarin tuna mini har ƙarshen rayuwa.

A lokacin ina karatun digiri na uku a Paris. Aikina shi ne zana taswirar tudun farin yashi da ke kwance a ƙarƙashin teku, inda ruwa ba shi da zurfi, a ƙasashe masu zafi. (E, ni ɗan Damagaram, wanda ko a tafki bai iya iyo ba.) Wannan yashi ba irin namu ba ne, garin ɓawon katantanwa ne da murjani. Ina kallon hotunan tauraron ɗan'adam in ce nan mai laushi ne, can mai tsakuwa. Amma faɗa ba hujja ba ce, sai an auna ƙwayoyin yashin an gani. Masu nutso sun ɗebo mana kwalba guda daga wani lungu na taswirar, kuma babi sukutum na kundina a kanta ya rataya. Na'urar awon tana Lyon, sai Farfesar da ke duba aikina ta damƙa mini kwalbar, ta ce mu haɗu can washegari.

To, a Lyon ɗin ne iyayen Rakiya suke, wadda nake nema da aure. Mutum ba ya zuwa gidan surukai hannu rabbana, don haka na biya Château Rouge, kasuwar 'yan Afirka a Paris, na yi tsaraba: kuka, daddawa, kilishi da ɗanyar gyaɗa. Da yake ni mai basira ne, na ga ɗaukar jaka biyu wahala ce, na tura kwalbar cikin ledar tsarabar.

Bayan doguwar gaisuwa, na durƙusa na miƙa wa Hajiya, mahaifiyar Rakiya, ledar gaba ɗaya. Tana fito da kaya tana sa albarka, har hannunta ya kai kan kwalbar. Ta ɗaga ta, ta girgiza, fuskarta ta washe.

"Kai, yaron nan akwai hankali. Gyaɗa har da rairan suyarta? Tun da na zo ƙasar ga nake neman rairai mai tsabta ban samu ba."

A nan ya kamata in buɗe baki. Magana ce gajeriya: Hajiya, wannan na aiki ne. Amma ta yaya zan karɓe kyauta daga hannun surukar da yanzun nan ta ce ina da hankali? Ban taɓa jin yabo mai daɗin wannan ba. Na sunkuyar da kai, na ji bakina yana cewa, "Ba komai, Hajiya."

Ina zaune a falo ina jin ƙarar ludayi cikin kasko, ana juya karatuna da gishiri. Alhaji, mahaifin Rakiya, yana ba ni labarin siyasar gida, ina ta cewa gaskiya ne, zuciyata kuwa tana kicin. Da aka kawo gyaɗar na ci, kuma don Allah ta yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Kafin in tafi na roƙi Rakiya a ɓoye ta juye mini yashin cikin kwalbar. Ta yi dariya har da riƙe bango. Na kai shi masauki na tsince ɓawon gyaɗar da idona ya gani, na lallashi kaina cewa ai yashi yashi ne.

Da safe Farfesa ta tara ɗalibanta na Lyon, ta gabatar da ni a matsayin ɗalibi mai tsananin kula. Tana buɗe kwalbar ɗakin ya ɗauki ƙamshin tashar mota. Ta dubi launin, wanda ya tashi daga fari ya koma ruwan ƙasa. Ta ɗibi kaɗan ta sa a madubin ƙara girma, hoton ya fito a babban allo. Ga jan ɓawon gyaɗa nan ya cika bango kamar tabarma.

Wani ɗalibi mai zumuɗi ya fara hasashen ko wata sabuwar halittar ruwa ce. Farfesa ta shinshina yatsarta, ta juyo gare ni a natse.

"A wane teku ake noman wannan?"

Na yi bayani tiryan-tiryan, da Faransancin da ya gudu ya bar ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce kawai a cire babin, tunda babu mai komawa nutso saboda ni. Har yau wannan lungu na taswirata fari ne fat, an rubuta ba a tantance ba. Na yi baƙin ciki sosai, don shi ne wurin da na fi alfahari da shi.

Rakiya dai na aure ta. Abin da na koya kuma shi ne, kunyar da ka ƙi ɗauka a gaban mutum ɗaya ba ta ɓacewa. Gaba take yi ta jira ka, ta tara jama'a, ta kunna babban allo.