Rasuwar Gwaggo, Firintar Ɗakin Bincike

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa masu nazarin sararin samaniya rasuwar tsohuwar firintar ɗakin bincikenmu, wadda muke kira Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Litinin da hantsi, da takarda a bakinta.

Marigayiya ta ƙare rayuwarta tana buga mana zanen hasken kweza, fitilun nan na can ƙuryar sama, waɗanda haskensu ke ratso iskar gas kafin ya iso mu. Duk inda gas ya tsotsi haske, layin zanen yakan ɗan lotsa. 'Yar lotsawar nan muke farauta, kuma ganinta sai an sha wuya. Abokan aikina sukan shekara suna mutsuka ido a gaban kwamfuta, su tashi a tutar babu. Ni da na riƙe takarda da fensir, Gwaggo ba ta taɓa barina hannu rabbana ba. Ta ce "ƙirrr, ƙirrr", ta yi 'yar shaƙuwarta, "ƙit", sai ga lotsawa siririya a gefen dama. Kowace kweza, wuri ɗaya! Malamina, wanda murmushinsa sai an cika fom, har miƙewa ya yi ya ba ni hannu. A kan lotsawar nan na gina kundin digirina kacokan.

Jinyar ta fara da cin takarda, ta ƙare da ƙauri. Mai gyara ya buɗe cikinta, ya girgiza kai, ya nuna mini wani haƙori da ya daɗe da karyewa a gargaren da ke jan takarda, daidai inda take shaƙuwa. Sabuwar firintar da aka kawo, marar kunya, ta buga mini zanen sumul, ko ƙwarzane babu. Wayyo Gwaggo! Ashe lotsawar daga shaƙuwarki take; sama ba ta ma san ana yi ba, ke ce kike tausayina.

Ta rasu ta bar wayar wuta, da ragowar tawada, da babi huɗu marayu, da ni.

Za a kai ta makwancinta ranar Laraba, a ƙarƙashin matakala, kusa da karyayyun kujeru. Zaman makoki kuwa sai Alhamis da safe a babban ɗakin taro, inda mai rashin zai tsaya kare kundinsa a gaban malaman jarrabawa, waɗanda har yanzu labarin rasuwar bai kai musu ba. Ana roƙon masu ta'aziyya su zauna daga baya, kuma don Allah kada kowa ya tafa.