Yadda Na Shafe Aikin Maman Rahila

Matata, Maman Rahila, tana rubuta aikin kammala digirinta a laftof. Na ce ta daina wahala da filash, na haɗa laftof ɗin da tsohuwar kwamfutarmu ta wayifai don ya riƙa ajiye kwafi da kansa. Har maƙwabtanmu na Makarfi na kira kallo.

Ashe na juya saitin. Kwamfutar da ba komai cikinta ta kwafe kanta kan laftof, aikin ya shafe tas. Gumi ya karyo mini.

Baiwar Allah ko tsaki ba ta yi ba. Ta ciro filash daga jakar cocinta ta ce, "Baban Rahila, kullum ina kwafewa. Na san mijina."

Har yau, ko rimot na ɗauka sai ta ce, "Tsaya in kwafe labaran tukuna."