Yadda Aka Tuɓe Ango a Birnin Kigali

Da sunan Allah mai ɗora wanda ya so a kan abin hawa, mai sauke wanda ya so ya taka da ƙafa. Bayan haka, ya ku ma'abota hankali, ku karkato da kunnuwanku ku ji ƙissar gwarzo ɗan gwarzo, Haladu ɗan Sallau, ɗan Tanimu Mai Wuƙa Biyu, ɗan Nomau wanda ya kayar da bijimi da tsawa kaɗai a kasuwar Maigatari, ko da yake wasu maruwaita sun ce dama bijimin ba shi da lafiya. Jinin rundawan Gumel, sarkin tukubar bakin tasha, mai raba tsoka da ƙashi ba tare da ɗayansu ya sani ba, wanda hayaƙin tsirensa ya sha karya wa bayin Allah azumin nafila tun kafin la'asar.

Shi wannan sadauki yana da babur ja, ana ce masa Ango. Asalin sunan kuwa, tun ranar da aka fito da shi daga shago, shekara da shekaru, ba a taɓa cire masa ledar da ya zo da ita ba. Ta lulluɓe tanki, ta lulluɓe siti, ta yi rawaya, ta tattare, inda ta yage an liƙe da salatif, amma tana nan daram, domin a mazhabar Haladu babur bai tsufa ba muddin ledarsa na jikinsa. Madubai kam tun a ƙofar shagon ya kwance su, ya ce namiji ba ya duban baya. Sigina ma ya sallame ta, tunda Allah ya ba shi hannu. Sai ya lanƙwasa kan babur don kutsawa cikin kasuwa, ya huda salansa, ya ƙara wa siti tsawo har ya isa ɗaukar shi da cinyar saniya da maƙwabci, ya rataya tuntayen fata ja da kore, sannan ya ɗaura hon ɗin da ya ciro daga wata matacciyar tirela. A kan robar tare laka ta baya aka rubuta da farin fenti: Na Sallau Sai Kallo. Idan Ango ya taso daga kwata da hantsi, jakuna kan bar hanya, masu shayi kan dafe kofuna, mata a cikin gida kan ce nama ya iso. Duk Gumel babu mai bukatar ganin fuskar Haladu kafin ya san shi ne.

Ana cikin wannan daula sai ga kira daga nesa. Alhaji Barau, wani attajiri mutumin Maraɗi da ya buɗe gidan abinci a birnin Kigali ta ƙasar Ruwanda, ya aiko yana neman mai tsire na gaske, wanda ya gaji abin. Haladu ya amsa, da sharaɗi guda: ƙafarsa ƙafar Ango. Kawu Ilu, ƙanin mahaifiyarsa, dattijo mai sanyin magana da zafin gaskiya, ya zaunar da shi ya ce ya sayar ya huta, can ma ai ana hawa babur, bai taɓa jin ƙasar da aka ce babu ba. Haladu ya sunkuyar da kai irin na ladabi, sannan ya faɗi kalmar da ta haifar da duk wannan ibtila'i.

"Kawu, can babu wanda ya san Sallau, balle Tanimu. In na je ba Ango, wa zai san ni ne na iso?"

Kawu Ilu ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya ci gaba da jan carbinsa.

Aka shiga shirin hijira. Aka tsiyaye wa Ango mai har ɗigon ƙarshe, aka zare masa batir, kafinta ya zo ya auna shi tsawo da faɗi ya haɗa masa akwati, wanda mutanen unguwa suka ce in ban da ƙusoshi babu abin da ya raba shi da makara. Motar kaya ta kai shi Ikko, aka cusa shi a kwantena tare da buhunan ƙuli-ƙuli da citta da barkonon Alhaji Barau, jirgin ruwa ya ɗauke shi ya keta tekun da kakannin Haladu ba su taɓa gani ko a mafarki ba, ya kewaya ta gindin Afirka, igiyar ruwa na ɗaga shi tana sauke shi, har zuwa gaɓar Darussalam, inda wata motar ta karɓe shi ta nufi duwatsu da shi. Shi kuwa ubangidansa jirgin sama ya riga ya kai shi tun tuni. Watannin jiran nan, a bayan ɗan acaba yake zuwa sayen nama, rungume da kwando, kansa cikin hular kwanon da kowa da kowa ya sa. Ya jure wannan ƙasƙanci da haƙurin waliyyai, yana gaya wa duk wanda ya tsaya, cikin Hausar da ba mai ji, cewa su dai jira.

Gumurzun farko a rumbun kwastan aka yi shi. Da aka ɓalle akwatin, ƙanshin yaji ya tashi har ma'aikata suka hau atishawa, Ango ya bayyana cikin tsohuwar rigarsa. Sarauniyar yaƙin abokan gaba wata 'yar siririyar ma'aikaciya ce, mai murmushi, wadda ba ta ɗaga murya ko sau ɗaya ba. Ta kewaya Ango, ta taɓa tankin da ɗan yatsa, ta yi magana. Alhaji Barau ya yi tafinta: ƙasar nan an hana leda, ba a shiga da ita. Haladu ya kafa hujja cewa wannan ba leda ba ce, sutura ce. Ya kawo tarihi, ya kawo nasaba, ya ambaci damunan da ta gani ba ta gaza ba. Matar ta saurara har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta buɗe aljihun tebur ta miƙo masa almakashi.

Da hannunsa ya yanka. Ni mai wannan ruwaya ba zan ɓoye ba, hawaye sun zubo masa, kuma ba barkono ba ne kamar yadda ya yi ta faɗa daga baya. Abin da ya fi ciwo, da ledar ta faɗi sai ga jan fenti sabo ƙal yana sheƙi, irinsa sak da na dubban baburan da ke kai-komo a titunan birnin. Alhaji Barau ya ce ma sha Allah, ya yi kyau.

Saura lamba da izinin hawa, waɗanda ba a bayarwa sai an duba lafiyar abin hawa. Saboda haka gwarzonmu ya turo Ango, shi da aka haifa a ƙasar da tudunta mafi tsawo juji ne, ya hau da shi dutse yana haki, ya gangara yana jan birki da salati, har garejin wani bakanike mai suna Gatete, mutum marar yawan magana mai yawan sukudireba. Don ya nuna wa Gatete da wa yake magana, Haladu ya sa aka haɗa batir, ya gyara tsayuwa, ya danna hon.

Tantabaru suka tashi daga rufin unguwa baki ɗaya. Wata mai tallan ayaba ta saki kwandonta. Mutanen titi, waɗanda ba su saba da hayaniya ba, suka tsaya cak suka juyo. Zuciyar Haladu ta cika fal, ya ɗaga hannu sama.

"Sai ni na Sallau! Wutar tukuba, a matso a ƙone, a ja baya a ji yunwa!"

Kafin ya sauke hannun, Gatete ya riga ya kwance hon ɗin.

Daga nan garuruwa suka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Salansa mai ruri ta tafi, aka kawo mai raɗa. Aka miƙar da kan babur. Dogon siti ya sauka daga karaga, gajere ya hau. Aka dasa madubai biyu, Haladu ya leƙa ya ga bayansa karo na farko a rayuwarsa ta tuƙi, bai ga komai ba sai Alhaji Barau yana dariya. Tuntaye suka tafi saboda suna shiga hannun birki. Robar baya da kirarinta ta tafi saboda ta tare wurin lamba. Har kafireta sai da aka taɓa, wai iskar kan dutse ba ta kai ta Gumel kauri ba. A kowane mataki Haladu kan ja daga, ya yi rantsuwa nan ne iyaka, Alhaji Barau ya tuna masa cewa ba izini ba hawa, sai ya ja da baya cikin mutunci ya sake jan wata dagar.

Ranar hisabi masu dubawa suka kunna, suka kashe, suka latsa, suka auna hayaƙi, suka gyaɗa kai. Aka ɗaura lamba. An yi nasara. Haladu ya naɗe takardun cikin ƙyalle ya sa a ƙasan akwatinsa don kada su yi datti. Lambar kuwa ko kallonta bai yi ba, domin a duk zamansa na Gumel ba a taɓa tambayarsa lambar Ango ba.

Juma'ar da ta biyo baya ya yi shigar fatahu: babbar riga mai aska, turare, hular kwano sabuwa a kan kai. Ya hau Ango ya haura unguwar Nyamirambo, inda masallaci yake, ya kafe shi a bakin fili, ya shiga sahu da taƙamar wanda ya ci gari. Yana ciki, masu gadin fili, mutane masu son tsari, suka jera baburan jama'a layi-layi, kai da kai, gindi da gindi.

Da aka sallame ya fito, sai ya tsaya. Ja, ja, ja, har iyakar ganinsa, kowanne da madubai biyu, kowanne da gajeren siti, kowanne a goge. Ya bi layin farko, ya bi na biyu, ya dawo. Ya yi tunanin gwada makulli ɗaya bayan ɗaya, sai ya tuna abin da ake yi wa baƙon da aka gani yana cusa makulli a baburan mutane, ga shi ba shi da bakin yin bayani. Ya ciro waya zai kira Alhaji Barau, ya tuna cewa kafin la'asar labari zai isa kunnen Kawu Ilu, ya mayar da ita aljihu. Tsoro ya kama shi, da kunya, da wani kaɗaici da bai ji irinsa ba ko a ranar da ya sauka ƙasar.

Amma jinin Nomau ba ya gudu. Ya zaɓi dabarar manyan mayaƙa, wato ƙawanya: ya nemi dakali ya zauna, ya ce kowa ya ɗauki nasa, wanda ya rage shi ne Ango. Rana ta karkata. Runduna ta yi ta raguwa, layi ya zama tsiraru, tsiraru suka zama biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, mai ɗayan kuma wani tsoho ne da ya zauna lazimi a ciki ba ya gaggawa. Haladu ya tashi ya ƙura musu ido, ya bar zuciya ta yi aikinta, ita da ta san Ango shekara da shekaru. Ta nuna masa na dama. Ya gane shi sarai, tsayuwarsa, ɗan karkacewar wuyansa, har ya ji kunyar shakkar da ya yi. Ya matsa ya ɗora hannu a kan tankin, yana shafawa a hankali.

Tsohon ya fito yana gyara hula, ya yi masa sallama, ya jira cikin ladabi har ya ɗauke hannunsa, sannan ya sa makulli, ya tayar, ya tafi.

Haladu ya juya ga na hagu ya gwada nasa makullin. Ya buɗe.