Rasuwar Ɗan Amana, Faifan Ajiyar Sashenmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idon da bai bushe ba har yanzu, ni shugaban sashen binciken ruwa nake sanar da abokan aiki da ɗalibai rasuwar faifan ajiyar bayanaina, wanda aka fi sani da Ɗan Amana. Ya cika ranar Litinin da hantsi, a kan teburina, tsakanin kofin shayi da tarin takardun jarrabawa.

Marigayin ya shafe shekaru a aljihun teburina na ƙasa, a kulle, makullin yana wuyana. Bai taɓa kai gulma ba. Duk awon da ɗalibaina suka yi, duk hoton da suka ɗauka a bakin rijiya, cikinsa ya shiga, kuma babu wanda ya ƙara ganinsa sai da izinina. Idan aka jona shi da kwamfuta yakan ce "zuuu" a hankali, kamar mai gaida na gaba da shi.

Sau da dama an so a raba ni da shi. Masu kula da rumbun bayanai na jami'a sun yi ta sintiri ofishina. Wai su suna ajiye kwafi a garuruwa daban-daban, wai suna duba lafiyar kowane fayil lokaci-lokaci, wai suna rubuta wanda ya auna me da kuma yadda ya auna. Har tambayata suka yi wa zai kula da bayanan idan na mutu. Na nuna musu ƙofa. Ga shi ni ina nan da raina.

Masu cewa ban yi tanadi ba, su ji tsoron Allah. Na yi kwafin komai da hannuna, na adana shi a wuri mafi aminci da na sani, wato cikin marigayin kansa, a wata jaka da na sa wa suna "Kwafi". Ɗalibai kuwa na sa kowa ya goge nasa a gabana, don na san halin abokan aikina na hawa na biyu, aikin mutum ba ya kwana a gabansu ba su sace shi ba.

Ciwon ajalinsa ya fara da ɗan zafin jiki da jinkirin amsawa. Daga baya muryarsa ta koma "ƙyat, ƙyat, ƙyat". Mai gyara ya kara shi a kunne, ya girgiza kai, ya miƙo mini shi da hannu biyu.

Ya rasu ya bar igiyarsa, da jakarsa ta fata, da maƙalu da dama a mujallu waɗanda yanzu ba su da uban da za su nuna. Ya kuma bar ɗalibata ta digirin digirgir, wadda muke kira Auta. Damina bayan damina ta bi ƙauyuka da goyo a bayanta tana ɗibar ruwan rijiyoyi tana aunawa, kuma yawancin rijiyoyin nan an cike su tuni. Ranar Alhamis ya kamata ta kare kundinta, sai mai jarrabawa na waje ya ce sai ya ga ainihin alƙaluman. Ta zo ofishina tana kuka, wanda na ɗauka na ta'aziyya ne. Ashe so take in rubuta cewa na taɓa ganin bayanan da idona. Na tuna mata cewa ni masanin kimiyya ne, ba na shaidar abin da ba zan iya nunawa ba. Rashin tarbiyyar yaran yanzu ya kai a tari mai makoki da buƙata.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis da ƙarfe goma, a kwandon tsofaffin kayan lantarki da ke bayan ɗakin gwaji. Ana karɓar gaisuwa a ofishina, amma ban da mutanen rumbun bayanai, kuma duk wanda ya furta kalmar "kwafi" zai fita. Auta ce za ta ɗauki gawar ta kuma jera kujeru, tunda an soke zaman kare kundin nata, ranar ba ta da wani aiki.