Mai-shela a Cikin Bokiti

"Lahiya lau muka kwana, angon da bai da ko akuya. Ajiye butar nan."

Abdulrashid ya tsaya da buta a hannu. Kakarsa Zulai na zaune bakin ɗakin da wani ɗan'uwa ya ba su aro a Kaura Namoda, ta tokare wani tsohon bokiti da ƙafa. Shekara guda ke nan da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, can bayan Gurbin Bore a ƙasar Zurmi. Ranar gudu, wasu sun ja awaki, wasu sun sunkuci gero. Ita gindin rumbu ta tsuguna, ta tono kawuna uku masu kama da albasa. Biyu sun riga sun ruɓe a hannun jikan nan nata, wanda ya yi shekara biyu yana karatun aikin gona. Ɗaya ta rage, binne a bokitin.

"Tsohuwa, kowa ya fito da dukiya, ke kin fito da kayan miya. Kayan miyar ma da ba su shiga tukunya."

"Ai har da kai na fito, kai ma ban ga inda ka shiga ba."

"Na ɗauki hotonta na tambayi waya. Ta ce albasa ce."

"Wayar taka 'yar wane gari ce? Ta taɓa kwana Zurmi?"

"Malaminmu ma ya jujjuya ta, ya ce wataƙila albasar kwaɗi."

"Kwaɗon gidansu! Albasar kwaɗi faɗin ganye gare ta. Wagga ganyenta siriri ne, a murɗe, kamar ƙafarka. Furen fari fat, shi ke riga ganye fitowa. Ƙamshinsa ya fi turaren da ba ka taɓa sawo min ba."

"To mi sunanta?"

"Mai-shela kakanka Sule ke ce mata. Ba ya jefa iri sai ta buɗe. Ruwan yaudara ba ya tashe ta, sai na gaskiya. Shekara arba'in shukarsa ba ta taɓa ƙonewa ba."

"Bari dai in ɗan yayyafa mata. Zafin bazarar nan ke ma ya maishe ki kilishi."

"Haka ka yayyafa wa 'yan'uwanta har ka raka su lahira, da takardar shaidarka a aljihu. Barci take, ja'iri. Wanda ya tashe ta da ruwan famfo ya kashe ta. Sauri shi ya haifi nawa."

"Nawa kuma ta haife ki. Gobe zan sake ki in auro mai haƙora."

"Tsohuwar zuma da ita ake magani. Je ka auro, ka yi mata ban-ruwa ita ma ta ruɓe."

Ya yi dariya, sai baki ya riga shi. "To in ta yi shelar, wa zai amsa? Gonar tana ina?"

Gonar tana nan inda take. Sule ma yana cikinta, inda maƙwabta suka samu suka binne shi a gurguje kafin su biyo hanya.

Zulai ta dubi busasshiyar ƙasar bokitin. Sannan ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan ƙulli. Irin gero ne, bai cika tafin hannu ba.

"Na ƙarshe da ya zaɓa ke nan. Ungo. Ranar da ta buɗe, ka shuka."

"A ina, Kaka?"

"Bayan ɗaki, bakin kwata, ni ina ruwana? Kai ne mai takarda. Kada dai ta yi kira a rasa mai amsawa."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Na fasa sakin. Kin ci, amarya."

"Da ma wa zai kwashe ka? Butar."

Ya kai ta can gindin bango, nesa da bokitin, ya ajiye.