Ranar Da Jirgin Legas Ya Gudu Da Baffa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa tsufa ya kai ni ga manta inda na aje hulata, yadda aka tsoma ni cikin bikin da ba nawa ba. Ina zaune lafiya a tashar Tambuwal ina kamashona, ina cika mota ina tsokanar masu fura, sai ga saƙon Inna wai in zo gida yanzu-yanzu. Yaya Sanusi, yayana mai sayar da albasa a Legas, ya samu mata a can. Uban yarinyar kuma mutum ne mai tsauri. Ya ce ba zai ba abokan kasuwa 'yarsa ba, sai dattijo daga gida ya zo ya karɓi aure da bakinsa, in babu dattijo to babu aure. Dattijon da muke da shi kuwa Baffa ne, ƙanen mahaifinmu, malamin zaure a Kebbe, wanda bai taɓa wuce Kontagora ba.

“Kai za ka kai shi,” in ji Inna. “Ba kai ad da sanin Legas ba? Kullum kana cika muna kunne.”

To a nan bakina ya kashe ni. Gaskiyar magana, wata bakwai kacal na yi a Legas, shi ma shekarun baya, ina tura baro a kasuwa. Amma duk wanda ya zauna majalisarmu zai rantse ni na zana garin. Musamman maganar jirgin ƙasa na cikin gari. Tsohon jirgin kam na hau shi, wannan mai hayaƙi, mai ƙofa a wangale, wanda mutane ke zama a kan rufinsa kamar kaji. Yana tafiya kana iya biyo shi da gudu ka ɗale. Sababbin da aka kawo daga baya, masu lantarki da sanyi a ciki, a waya kawai na gan su. (Amma a majalisa na ce na hau su har sun gundure ni. Allah ya yafe mini.)

Tun daga Jega na fara yi wa Baffa karatu a mota. Mutumin da ya sauke littattafan da ko sunansu ban iya faɗa ba, ni da na tsere daga aji uku na sakandare ni ne malaminsa.

“Baffa, Legas ba Kebbe ba ce. Can ba a kalle-kalle. Duk abin da nika yi, shi za ka yi.”

“To, Allah shi yi albarka,” ya ce, ya ci gaba da jan carbinsa.

Mun sauka gidan wani mutumin garinmu, a can wani gefen gari, nesa da masallacin da za a ɗaura aure ƙarfe sha ɗaya na safiyar Asabar. Mai masaukinmu ya ce mu bi mota da sassafe, shi zai biyo mu in ya buɗe shago. Na yi dariya irin ta manya. Mota? A wannan cunkoson? Na ce jirgi za mu hau, sabon, don Baffa ya koma Kebbe da labari. Na karɓi wayar Baffa na saka a aljihuna saboda ɓarayi, na rungumi ƙunshin goron ɗaurin aure, muka nufi tasha.

A gaskiya da muka shiga gabana ya faɗi, don ba irin tashar da na sani ba ce. Babu mai gyaɗa, babu mai kiran lodi, ƙasa sai walƙiya take. Amma na dake. Na kalli yadda na gabana ya ɗora kati ƙofa ta buɗe, na sayo mana kati biyu, na yi yadda ya yi, na waiwayo ina yi wa Baffa murmushin ka-ga-aiki. Shi kuwa bawan Allah ganin tsabtar wurin har ya sunkuya zai cire takalmi.

“Haba Baffa! Kada ka ba mu kunya mana.”

(Ku riƙe wannan, ni ne mai tsoron a ba ni kunya.)

Jirgi ya iso shiru, ba hayaƙi ba rugugi, sai wani siririn sauti. Ƙofofi suka buɗe da kansu. Baffa ya yi bismilla, ya shiga da ƙafar dama, wata mata ta matsa masa ya zauna. Ni ma na shiga. Ina shiga sai idona ya faɗa kan wani tsoho da ya sauko daga ƙofar gaba, yana gyara babbar riga. Wallahi Alhaji Ummaru ne na Jabo, aminin marigayi babanmu, wanda rabona da shi tun ranar sadakar bakwai.

Yanzu ku gaya mini, ɗan wa zai ga aminin ubansa ya ɗaga masa hannu daga cikin mota kamar ɗan siyasa? A gidanmu ba a yin haka. Na ce wa Baffa ina zuwa, na fito, na durƙusa a kan dakalin jira da goro a hammata.

“Alhaji, ina kwana?”

“Kai! Ɗan Mamman ne? Mi ya kawo ka garin ga? Ina Innarku? Ya ƙafar tata?”

Muna cikin ya gida ya yara, sai jirgi ya fara wani ƙara, ɗit ɗit ɗit. Alhaji ya ce, “Yaro, jirginka za shi tashi.”

Ni kuwa ɗan tasha ne, sana'ata ke nan. Na san babu motar da ke tashi a hon ɗin farko. Direba zai danna hon, ya tada inji, ya ɗan gusa gaba kamar da gaske, duk don fasinja su gaggauta, alhali akwai sauran kujera fuɗu. Ni da kaina nake koya wa sababbin direbobi wannan dabarar. Na leƙa na ga kujeru a fili birjik. Na ce a raina, wane mahaukacin direba ne zai tashi da rabin lodi?

“Ƙyale shi, Alhaji,” na ce, “kiran fasinja shikai. Ya damina a Jabo?”

Ban ji amsar damina ba. Ƙofofi suka haɗe, tsaf. Na miƙe na ga fuskar Baffa ta gilashi, yana kallona cikin natsuwa, carbi a hannu, yana gusawa a hankali. Mutumin da ba ya jin Turanci, ba ya jin Yarabanci, bai san sunan tashar da za mu sauka ba, wayarsa kuma tana aljihuna. Auren Yaya Sanusi kenan nake kallo yana tafiya a kan dogo.

Sai na yi abin da jikina ya saba. Na bi jirgi da gudu, na ɗaga hannu na buga jikinsa sau biyu, bam bam, yadda muke yi wa mota in an bar fasinja.

“Direba tsaya! Akwai mutum! Akwai mutum!”

Jirgi ko a jikinsa. Na ƙara bugu, ƙunshin goro ya suɓuce, ganye ya warware, goro ya watse yana gangarawa ko'ina, fari da ja. Kafin in kai ƙarshen dakali ma'aikata biyu sun cafke ni ta wuyan riga, kuma da gaskiyarsu, don saura taku kaɗan in faɗa kan dogo. Ina haki ina roƙonsu da guntun Turancina su kira direba ya yi ribas, ba nisa ya yi ba. Ɗayansu ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mutane suka zagaye ni, waya sama, ana ɗauka. Wata yarinya 'yar makaranta ta tsinto goro uku ta miƙo mini da tausayi. Wannan tausayin ya fi dariyar ciwo.

Alhaji Ummaru ne ya ba su haƙuri suka sake ni. Muna tsintar goro wayar Baffa ta yi ƙara. Yaya Sanusi.

“Kuna ina? Liman ya iso, surukina na tambaya.”

“Muna hanya,” na ce. (Ban yi ƙarya ba. Kowa dai da hanyarsa.)

Na hau jirgi na gaba, wannan karon na manne da ƙarfe kamar an ɗaure ni. Da wayona na lissafa cewa Baffa zai tsorata ya sauka a tasha ta gaba, don haka na sauka can. Babu shi. Na zagaya, na leƙa har banɗaki, na sake jiran wani jirgin. Haka na yi a tasha biyu. Lokacin da na isa unguwar, sha ɗaya ta wuce da kusan awa guda, rigata ta jiƙe sharkaf, ina ta haɗa kalmomin da zan gaya wa yayana cewa na ɓatar da Baffa, na kuma ɓatar masa da mata.

Ina shan kwana sai na ga mutane suna fitowa daga masallaci suna shafa fatiha, kowa da goro a baki. A tsakiyarsu ga Baffa, hannunsa cikin na surukin, suna dariya kamar tare suka yi karatun allo. An ɗaura tun ɗazu. Goro ma a teburin bakin masallaci aka saya, da aka gaji da jirana.

Ashe jirgi na tashi Baffa ya ɗaga murya ya yi wa taragon sallama gaba ɗaya. Wani Bayarabe mai gemu ya amsa, Baffa ya jarraba shi da Larabci, ashe a makarantar Islamiyya yake koyarwa. Baffa ya zaro katin gayyata daga aljihu ya nuna masa, mutumin ya fasa inda za shi, ya rako shi har cikin sahu. Kafin liman ya gama gyara zama sun iso.

Baffa na hango ni ya nuna ni ga jama'a. “Ga jagoran nawa nan ya iso. Shi ad da sanin Legas.”

Abin da na koya dai shi ne, in abin hawa ba shi da ɗan kamasho, to da ya yi ƙara ka shige, gaisuwa ta jira.

Amma da muka dawo Kebbe ban yarda na sha ƙasa ba. A zauren Baffa, gaban almajiransa manya da Inna da ta zo taryarmu, na tsaya kai da fata cewa laifin jirgi ne. Tsohon jirgi, na ce, ya san darajar mutane, yana jira. Wannan sabon ba shi da tarbiyya. Wane irin abu ne zai ga ana gaida dattijo ya rufe ƙofa ya tafi? Har wasu sun fara gyaɗa kai, na ga alamar zan ci gardama, na ƙara murya.

Baffa ya bari sai da na gama, ya kurɓi furarsa, ya aje ludayi.

“Ɗana, ni ban ga rashin tarbiyya ba. Ku biyu anka ce ku kai ni wurin ɗaurin aure. Shi dai ya kai ni.”